Yatsan da Kafaran Ya Ɗaure Mini

Shin Kafaran ya sauya ra'ayi ne kafin ya rasu, ko kuwa tausayina kawai ya ji? Na tambayi kaina ina cikin takaba, na sake tambaya bayan na fita, har yau ban samu amsa ba, kuma wanda zai ba ni ita yana kwance a maƙabarta.

Sunana Habsu, amma a Matameye da Inna Habsu mai lalle aka san ni. Ban shiga lekol ba, wato makarantar boko, ban iya riƙe alƙalami ba. Maƙwabciyata Madam Hadiza, wadda ta koyar a lekol har ta bar aiki, ita ke rubuta abin da nake faɗa. Kafaran mijina ne, tsohon soja, muƙamin da ya baro aiki da shi ne ya zame masa suna. Ni ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, ba kuwa yau zan fara ba. In kun ga magana ta yi tsalle a wani wuri, kuka ne ya tsayar da ni, Madam ta jira.

Don ku nake wannan magana, 'yan matan da ke ƙunshi yanzu. Kuna sayo baƙin ruwa a kanti, ku zuba a leda, ku huda bakinta, ku kalli zane a waya ku kwafa, kafin la'asar an wanke an tafi. Ban raina ba, hannunku yana da kyau. Amma na ji wata a gidan suna tana cewa lalle ai ba sana'a ba ce, wasan yara ne. To ku saurara.

Ƙafar farko da na ƙunsa ta Gwaggo Tani ce, ƙanwar mahaifina, a Dungu. Kafin ta miƙo mini ita, damina biyu na yi ina aikin da ba mai gani. In tsinko ganye bayan raɓa ta ɗauke, in shanya a inuwa, don wanda rana ta buga ba ya kama jiki sosai. In daka a turmin da bai taɓa ganin barkono ba. In tankaɗe da rariya, in sake tankaɗewa da tsohon mayafi. Gwaggo ta murza garin tsakanin yatsunta, in ta ji ƙwaya ɗaya ta ce, "Wannan tsaki ne, kai wa kaji." Ranar da ta yarda in kwaɓa, sai na cika ruwa. Na shafa mata a ƙafa, na rufe da ganyen zurma, na naɗe da tsumma, na zura hannunta cikin zunguru, wato doguwar ƙwaryar nan da hannu ke gumi a ciki. Da aka kwance, lallen ya zubo ta gefen ƙafa kamar ta taka kwata. Ba ta zage ni ba. Ta ja ni rijiya, duk wadda ta tambaya sai ta ɗaga ƙafa ta ce, "Aikin Habsu ne." Wata guda ƙafar nan tana yawo a Dungu da sunana. Tun daga nan ban sake cika ruwa ba.

Abin da ta koya mini ke nan, aikin lalle ba ya ɓoyuwa. Tela in ya ɓata riga, sai a ninke ta a jefa akwati. Ni in na ɓata, mai ƙafa za ta kai kuskurena kasuwa da gidan biki har sai ya koɗe don kansa.

Da aka kawo ni Matameye, na zo da turmina da zunguru biyu. Amare suna zuwa, da masu jego ranar arba'in, da taron jajibirin salla. Amma waɗanda suka riƙe ni su ne matan 'yan ci-rani. Da zarar hadari ya fara haɗuwa, labari ya iso cewa mazan da suka tafi Najeriya suna hanya, sai tsakar gidana ta cika. Akwai Lami, wadda mijinta ke ga-ruwa a Kano. Sau uku na ƙunsa mata a shekara ɗaya, sau uku mota tana isowa tasha babu shi. A na huɗu ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce, "Inna, wannan karon don kaina za ki yi mini, shi ya je ya auri jarka." Washegari ya sauka. Daga nan ta ce hannuna yana jawo matafiyi, ta riƙa kawo mini ƙawayenta. A shekarun nan ne salatif ya shigo, muka fara yanka shi da reza muna manna wa a fata, inda aka manna ya fito fari, sauran ya yi ja. Mai son baƙi kuma, bayan an kwance, a shafa mata toka da gishirin lalle.

Kafaran ya yi shekaru a arewa, cikin rairayin da ke bayan Agadas, ya dawo da gwiwar da ba ta lanƙwasawa. Mutum ne mai tsari, ko takalmansa a jere suke kwana. Da aka fara zaɓen jam'iyyu da yawa, ra'ayinsa ɗaya ne bai taɓa ɓoye shi ba: kada a ba mutum ƙuri'a sai ya yi wa ƙasa hidima. Ya yi soja, ko ya koyar a lekol, ko ya yi aikin likita, ko dai a ce ya ba da shekara guda yana haƙar rijiyar jama'a. Ba girman kai ba ne. Abokansa biyu ya binne a rairayi da hannunsa, babu liman, babu likkafani. Sai ya dawo gida ya ga ana musayar ƙuri'a da sabulu da atamfa. Abin yana hana shi cin tuwo.

Madam ce abokiyar gardamarsa. In ta taso daga lekol sai ta tsaya a bakin zaure.

"Baba Kafaran, manomin Kurni da ya noma geron da ka ci a bariki fa? Shi ba hidima ya yi ba?"

"An biya shi."

"Kai kyauta ka yi?"

"Ke yarinya, ni da raina na je. Shi da hauya."

"To matar da ta haifi sojan?"

"Ta zo da ɗan ya shaide ta, sai a ba ta rabin ƙuri'a."

"Allah ya sa ba kai ka rubuta dokar ba, Baba."

"Ai da kin huta, ke kina cikin waɗanda na yarda da su. Me ya dame ki?"

Sai ta ce abin da ya dame ta ga shi can yana tankaɗe lalle, ta nuna ni. Ya yi dariya ya kunna rediyo.

Katina na zaɓe yana cikin akwatinsa na ƙarfe, tare da lambar yabonsa da takardar sallama. Bai taɓa jefa ƙuri'a da shi ba, yadda wasu maza ke yi da na matansu. Ya ce ajiya ce. Ni kuma a lokacin ban damu ba. Gaskiya ma ina ganin yana da hujja, tunda ni ma Gwaggo ba ta bar ni na taɓa ƙafar mutum ba sai da na yi daka damina biyu.

Shekarar da ta kusa kashe sana'ata, shekarar zaɓen 'yan majalisar gari ce. Matan unguwarmu sun haɗa baki a kan wani ɗan takara, don shi ne ya yi alkawarin jawo famfo, mu daina tafiya nesa ɗiban ruwa. Lami ce ke bin gida gida tana tara su. Sai bikin ƙanwarta ya faɗo kwana biyu kafin zaɓe. Ta kawo mini mata cike da tsakar gida, duk suka ce irin na da suke so, a tsoma kan yatsu gaba ɗaya a baƙanta. Na yi aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba. Yatsu suka fito baƙi ƙirin, har farce. Ban taɓa shiga wurin zaɓe ba, ina zan san cewa wanda ya jefa ƙuri'a ana tsoma masa yatsa a tawada, kuma kafin a bar mutum ya shiga sai an duba hannunsa?

Ranar zaɓe da hantsi ina daka, sai ga su sun shigo babu sallama. Wakilin ɗaya ɓangaren ya ga yatsunsu ya ce sun riga sun jefa a wani wuri. Madam ta ce in faɗa cewa tana kan teburin ranar, ta rantse musu lalle ne, ba a saurare ta ba. Wasu sun goge da yashi da lemun tsami har fata ta saɓule, bai fita ba. Lallena ne, ina zai fita? Mutumin nasu ya faɗi, kuma da ɗan kaɗan aka ce ya faɗi.

Lami ta tsaya a kaina ta ce, "Inna, nawa aka ba ki?"

Na ce, "Wa zai ba ni me?"

"Duk gari ya san abin da mijinki ke faɗa. Shi ya ce ba mu cancanta ba, ke kuma kin rufe mana hannu. Kun gama aikinku."

Maganar ta zagaye gari kafin azahar. Ƙaramar salla ta zo, ba wadda ta leƙo. Hadari ya haɗu, 'yan ci-rani suka dawo, matansu suka tafi wata unguwa aka yi musu. Garin lallen da na tankaɗe ya zauna a tukunya har ƙamshinsa ya mutu, na zubar. A rijiya in na ajiye tulu sai hira ta tsaya. Kuma kullum muna kan hanyar ruwan nan mai nisa tare, suna gabana, ina ganin lallena yana koɗewa a hannunsu.

Na zaci Kafaran zai ce ai ga irinta. Da na gaya masa abin da ya faru ranar, ya ajiye rediyo. Ya buɗe akwati, ya sa tsohuwar rigarsa ta soja wadda maɓallan ciki ba sa haɗuwa, ya ja gwiwarsa har wurin zaɓen. Madam ta ce ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ni ban yarda da dokar da ta ba su ƙuri'a ba, amma ita na yi wa gadi. Tunda ta ba su, su wane ne ku da za ku hana?" Ba a sauya komai ba, an lallashe shi ya dawo. Amma ya je.

Bayan watanni da ya ga turmina a kife, wata safiya ya ce, "Habsu, kwaɓa kaɗan." Na ce na wa? Ya shafa gemunsa, wanda ya riga ya yi fari fat. Ranar kasuwa ya fita da gemu ja wur, ya zauna a rumfar masu goro. Duk wanda ya tsokane shi, "Kafaran, amarya za a yi ne?" sai ya ce, "Sunna ce, jahili. Kuma aikin matata ne, wadda matanku suka yi wa ƙazafi. In da ni na sa ta, da a gabanku zan faɗa, kun san bakina." Sun san bakinsa kuwa. Mutumin da ke gaya wa kowa ido da ido cewa bai cancanci ƙuri'a ba, ba ya buƙatar makirci.

Sannan ya kira Madam ya tambaye ta wane yatsa ne ake tsomawa. Ta ce manuni na hagu. Ya ce, "To shi za a yi wa gadi." Ya zauna a zaure da reza da faifai, ya yayyanka salatif daidai wa daida, ya jera kamar sojoji a fareti, ya miƙo mini ta bakin ƙofa. Ya ce duk shekarar da ake jin ƙamshin zaɓe, duk wadda ta zo in naɗe mata wannan yatsa kafin in shafa komai, ko ta so ko ta ƙi.

Lami ce ta fara dawowa, ana gobe babbar salla. Ba ta ba da haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce, "Inna, can da muke zuwa, kwana uku ya koɗe." Na ce, "Ai ba su tankaɗe sau biyu." Shi ke nan. Ta fita da yatsa ɗaya fari, mata suka tambaya, ta ce ƙunshin Kafaran ke nan. Sunan ya bi shi. Har daga Kurni aka riƙa zuwa ana cewa shi ake so. Tun daga shekarar har ƙarfinsa ya ƙare, shi ke yanka mini salatif. Ban taɓa samun mai yanka layi a miƙe kamarsa ba, kuma duk abin da na ci na sha a sana'ar nan bayan wannan shekara, hannunsa yana ciki. Allah ya saka masa da Aljanna.

To amma katina yana nan cikin akwati. Ina barin farin yatsa ga matan gari, ni kuwa nawa goma duk sun rine, don da hannu nake kwaɓi, da hannu nake shafawa, launi ba ya barin farcena. Wata rana yana yanka salatif na ce masa, "Malam, ka je ka yi faɗa don a bar matan mutane su jefa. Taka fa?"

Ya ce, "A waje doka ce ke mulki. A gidan nan ni ne kafaran."

Na ce, "Shekarun da ka yi a arewa, wa ya riƙe gidan nan?"

"Jira kika yi. Jira ba hidima ba ne."

Wannan ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Na koma na yi daka ina tunani, sai na dawo na ce, "Gwaggo ta sa na yi damina biyu kafin in taɓa ƙafa, gaskiya ne. Amma mai ƙafar ba a ce sai ta yi daka kafin ta faɗi zanen da take so. Ita za ta yi yawo da shi." Ya ci gaba da yankansa. Can ya ce, "Miƙo mini wata reza, wannan ta dushe." Ban sake tayar da maganar ba, shi ma bai sake ba.

Shekarar da ya kwanta ciwo, zaɓe ya faɗo cikin sanyi. An kai shi likita a Zinder, aka dawo da shi gida, muka gane abin da hakan ke nufi. Saura kamar wata uku zaɓe, ina shirin kwaɓa wa wata amarya, ya kira ni bakin gado. Ya ce in kawo salatif. Bai iya riƙe reza ba, da haƙori ya yanke. Ya kama manunina na hagu ya naɗe shi tun daga farce har gaɓa ta biyu. Ya ce, "In ya jiƙe ki sake wani. Kada lalle ya taɓa shi." Na ce don me? Ya juya fuska bango.

Ku da kuke cewa sana'ar nan wasa ce, ku gwada riƙe diddigen amarya da yatsa ɗaya a miƙe kamar kara, cikin sanyi, lokacin da lalle ke ƙin kamawa sai an kusantar da ƙafa ga garwashi. Haka na yi wata uku. Kullum in na kai masa kunu sai ya ce, "Nuna." In kwance, ya duba yadda farin farce ke turo jan yana hawa, ya gyaɗa kai kamar mai duba bindiga. Tun ina budurwa ban ga kalar farcena ba sai a wannan shekara.

Abin da ke rikita ni shi ne, saura mako guda, Madam ta shigo gaishe shi, ta tsokane shi da tsohuwar gardamarsu don ta ga ya yi dariya. Da muryar da ta rage masa ya ce, "Har gobe ina kan bakana. Wanda bai ɗauki komai ba, kada a ba shi." Madam ta kalli yatsana, ta kalle shi. Shin ya sa ni cikin waɗanda suka ɗauka ne? Ko ya saki ra'ayin a zuci ya riƙe a baki don kada a ce mace ta kayar da shi? Yanzu ina jin samari a bakin titi suna irin maganarsa, wai zaɓe sai ga wanda ya sa kaki. Ba ni da ilimin da zan yi gardama da su. Na dai san sun ɗauki rabin maganarsa ne, ba su ga ranar da ya ja gwiwa cikin rana don matan da yake cewa ba su cancanta ba.

Ranar zaɓe da safe ya nuna mini akwatin da ido, ya ciro mabuɗi daga ƙarƙashin matashi. Sabon katin yana can sama, ashe ya sa Madam ta karɓo tun tuni. Na ce ba zan bar shi ba, numfashinsa bai yi mini ba. Ya matsa, na tafi, na bar ɗanmu Sale a wurinsa. Lami na tarar a layi, ta tsufa ita ma, ta ja ni gabanta tana cewa, "Ku ba amarya hanya, yau ne farkonta." Aka duba hannuna, na ɗaga yatsan, aka bar ni na shiga. Na jefa, aka tsoma mini shi a tawada. Na taho da sauri ina riƙe da shi a sama don in nuna masa. Tun daga bakin lungu na ga maza a tsaye a ƙofar zaure, na san ba sai na yi sauri ba.

Mai takaba ba ta ƙunshi, ba ta taɓa lalle. Na zauna a ɗaki, jan hannuna yana koɗewa, tawadar nan tana kan yatsan da ya ɗaure, ina kallonta ina kuka har ta fita don kanta. Na gode wa Allah da ya ba ni sana'ar da ta rufa mini asiri. Na gode wa Gwaggo, na gode wa matan garin nan da suka dawo. Shi kuwa ban samu na yi masa godiya ba, don da safen nan, da na tsaya a bakin ƙofa da mayafi a hannu ina ta jan ƙafa, bai ba ni damar magana ba. Ya ɗago hannu ya kore ni kamar yadda yake korar akuya daga zaure, ya ce:

"Je ki, Habsu, kafin layi ya yi tsawo. In kin dawo, ko na tambaye ki wanda kika zaɓa, kada ki gaya mini. Naki ne."